Kujerar Uwani

Ranar Sallar da ta wuce, da Maryam 'yar Kabiru za ta koma gida da ɗanta, na bi su har bakin mota kamar yadda na saba. Na kama kujerar yaron da hannu biyu na girgiza, na ja ta gaba, na ja ta gefe, na sa aka kwance bel aka sake ɗaurewa. Kuna tsaye cikin rana kuna jirana. Ina juyowa na ji ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, tana gaya wa mijin Maryam ƙasa-ƙasa:

"Ka yi haƙuri da shi. Tun da Inna ta jiƙa igiyar kujerar Uwani yarinyar ta rasu, haka yake."

Kunnena ya yi nauyi, amma wannan na ji ta sarai. Ashe maganar tana nan tana yawo, har ta fara shiga kunnen surukai. Innarku ta shekara tara a ƙasa, ba ta da bakin da za ta kare kanta, kuma da tana da shi ma ba za ta kare ba. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san abin da ya faru. Saboda haka na ajiye labarin tafiye-tafiyena da kuke so in rubuta, zan fara da wannan. Ba Innarku ba ce. Ku karanta har ƙarshe, sannan ku karanta wa 'ya'yanku.

A shekarar da nake magana muna zaune a Fagge, a gidan Baba, ni da Rabi, wato Innarku, da yayarku ta fari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa kowa yake ce mata Uwani. Ta shekara biyu da rabi, an yaye ta, Rabi kuma tana da cikin Kabiru. Ni ina aikin tafinta ga masu sayen gyaɗa. Kafin nan na zauna Ikko, na zauna Ankara da Kumasi, na bi mota har Hartum na dawo. Ina jin Larabci da Turanci da Yarbanci, ina ɗan taɓa Faransanci. Saurayin da ya ga garuruwa haka kafin ya cika talatin, ya kan ɗauka babu abin da ya rage a koya masa. A farkon bazarar nan na sayi wata baƙar mota 'yar ƙarama a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ita ce ta farko a lungunmu. Da safe sai in fito in goge ta da kaina, ko ƙuda ba na so ya sauka a jikinta. Kuma nan da nan ta zama ta unguwa: mai naƙuda, maras lafiya, amarya, mai zuwa tasha, duk ƙofar gidanmu ake zuwa.

Uwani ta fi kowa son motar. Da ta ji na tayar da ita sai ta fito da gudu tana cewa "Baba, bubu!" Matsalar ita ce inda za ta zauna. Cikin Rabi ya fito, ba ta iya ɗora ta a cinya. Ban da haka ga kunyar 'yar fari. Ku na yanzu ba ku san wannan ba, kuna rungumar 'ya'yanku a gaban kowa. Rabi ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba, "waccan" take cewa, kuma ba ta yarda a gan ta tana riƙe da ita a waje, sai ka ce ba ita ta haife ta ba. In muka fita sai Uwani ta tsaya a tsakaninmu a kujerar gaba, doguwa ce kamar benci, ta dafa kafaɗata. Sau biyu ina taka birki tana kifawa. To, a Ankara na taɓa ganin wata 'yar kujera a motar wani Bature, an rataye ta a majingina da ƙugiya biyu, ɗansa yana zaune yana kallon titi. Na ce zan sa a yi wa Uwani irinta.

Na tafi Sabon Gari wurin Okoro. Kafinta ne, mutumin ƙasar Ibo, shi yake yi wa manyan motoci bodin katako. Ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar, ya daɗe a Kano, yana jin Hausa amma mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ranar Lahadi ba ya taɓa guduma, ko wa ya zo. Na zana masa abin da na gani a bayan takarda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ture takardar.

"Malam Sule, wannan na Bature wasa ne. Ƙugiya? In mota ya tsaya da ƙarfi, ƙugiya zai tashi sama. Ka bari ni in yi nawa."

Bayan kwana takwas na koma. Ya yi ta da maɗaci, da hannuwa biyu, da matashin auduga, da ɗamarar fata da za ta riƙe ƙirjin yarinya. Ban ga mai kyanta ba a duk inda na je, har Ingila da na gani da furfura. Amma tana da nauyi, kuma a bayanta ya kafa ƙarafa biyu dogaye, waɗanda za su bi bayan majingina su sauka har ƙasan mota. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini noti huɗu. Zai huda ƙasan motar wuri huɗu, ya ɗaure, shi ke nan. Da na ji kalmar hudawa sai na ji kamar jikina za a huda. Na ce masa motar nan ta jama'a ce, wata rana sai an cire kujerar don a ɗauki mutane, ba zai yiwu a kafe ta ba. Gaskiya ce, amma ba ita ce ainihin dalilina ba. Ba na so a taɓa mini mota ne kawai. Na sa ya cire ƙarafan. Ya cire yana girgiza kai, ya shafa wa notin giris, ya zuba su cikin gwangwanin sigari ya miƙo mini.

"Riƙe. Ran da hankalinka ya dawo, ka kawo mota. Aikin rabin awa ne."

Na yi dariya, na jefa gwangwanin cikin ɗan akwatin gaban mota.

Da na isa gida Baba yana zaure. Kakanku bafatake ne. Tun yana yaro yake bin ayarin goro zuwa Gwanja da jakuna, har jirgin ƙasa da motoci suka kashe wannan sana'a, suka bar shi zaune a kan buzu yana jan carbi. Bai taɓa son motata ba, ko shiga ba ya yi. Amma da na ba shi labarin abin da Okoro ya so yi sai ya miƙe tsaye.

"Huda ta? Wa ka taɓa gani ya huda jaki don zai ɗaura masa kaya? Aika a samo mini ɗanyen ƙirgi."

Ƙirgi fatar saniya ce da ba a jeme ba. Baba ya yanka ta siri-siri da wuƙarsa, ya jiƙa ta kwana ɗaya har ta yi laushi, sannan ya shiga motar, karon farko a rayuwarsa, ya durƙusa a baya. Ya zagaya igiyar ta bayan majingina sau uku, ya bi da ita ta cikin hannuwan kujerar, ya sa ƙafa ya ja, ya yi irin ƙullin da suke yi wa kayan goro. Rabi tana leƙe ta ƙofar gida, Uwani tana riƙe da bakin rigarsa. Muka bar motar cikin ranar bazara yini biyu. Ƙirgin ya bushe, ya tsuke, ya zama kamar ƙarfe. Na kama kujerar na girgiza, motar gaba ɗaya ce ta motsa. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ta ranar ba. Duk wanda ya zo zaure sai ya kai shi ya gani.

Na koma Sabon Gari musamman don in nuna wa Okoro. Ya sa ƙarfinsa ya ja, ya tura, ya yarda ba ta motsi. Ya ce tsohon ya iya aiki. Sannan ya ƙwanƙwasa igiyar da farce ya dube ni.

"Ruwa fa?"

"Wane ruwa? A cikin mota?"

"Malam Sule, motarka ba jaki ba ne. Jaki yana hutawa da damina."

Ban tsaya na auna maganar ba, sai da na yi shekaru. Okoro ya fito daga ƙasar da ake ruwa wata takwas, duk abin da ya gani tambayarsa ta farko ita ce yadda zai yi da laima. Mu kuwa rana muka sani. Kuma ayarin su Baba da kaka yake tashi, kafin ruwa ya yi ƙarfi sun yada zango. Shekara talatin yana ɗaure kaya da ƙirgi, igiyarsa ba ta taɓa sakin kaya ba, domin da wuya ta kwana cikin ruwa. Iliminsa gaskiya ne, amma na rani ne. Shi bai san mota ba. Ni na san ta, na kuma san tagar gefen Rabi ba ta rufuwa duka.

Wata huɗu Uwani ta yi tana hawa kujerar nan. Ko sau ɗaya ba a cire ta ba. Amaren da na ce za a cire dominsu duk a baya suka zauna. Takan zauna a tsakaninmu, kanta daidai kafaɗata, tana gaida kowa a hanya. In mun wuce dalar gyaɗa sai ta ce a tsaya ta hau. Matar Okoro tana ajiye mata ƙosai, in mun biya ta Sabon Gari sai ta miƙo ta taga. Rabi ba ta kallonta a gaban mutane, amma ni ina gani, hannunta kullum yana kan ƙafar yarinyar a ƙarƙashin mayafi.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Motar a waje take kwana, ruwa yana shiga ta tagar nan yana bin majingina, cikinta har wari yake yi. Wata Laraba da safe zan fita aiki, na dafa kujerar don in shiga, sai ta motsa. Ba da yawa ba, kamar faɗin yatsa biyu. Na taɓa igiyar na ji ta yi laushi, ta yi santsi kamar ganda. Na san abin da hakan yake nufi. Gwangwanin yana gabana, na ma buɗe akwatin na gan shi. Daga ƙofarmu zuwa rumfar Okoro ko mil ɗaya babu. Amma na tuna fuskar Baba, na tuna dariyar da Okoro zai yi mini, na tuna ramuka huɗu a ƙasan motata. Na ce rana za ta fito ta sake busar da shi. In ba ta fito ba, Litinin zan kai. Na rufe akwatin. Ban gaya wa kowa ba.

Ran Asabar za mu tashar jirgin ƙasa taryen Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda za ta zo daga Zariya ta zauna har Rabi ta haihu. Ran Juma'a Uwani ta zubar da koko a kujerar. Da safe Rabi ta fito da ƙwarya da tsumma ta goge ta tas, don kada Gwaggo ta ce ba ta da tsabta. Na zaunar da Uwani da hannuna, na ɗaure mata ɗamarar. Ba gudu nake ba, hanyar duk taɓo ce. Muna dab da tasha wani mai amalanke ya fito daga bayan wata babbar mota, na taka birki da ƙarfi. Ban taɓa shi ba. Abin da na ji shi ne ƙara a gefena. Ƙullin ya zame, kujerar ta taso gaba ɗayanta da yarinyar a ɗaure ciki, goshinta ya bugi ƙarfen gaban mota, nauyin maɗacin ya biyo ta a baya. Jini kaɗan ne ya fito. Ta yi kuka, har na yi hamdala. Rabi ta manta da kunya ta fizge ta ta rungume a tsakiyar titi. Kafin mu isa asibiti ta yi amai ta yi shiru. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gida, Rabi tana zaune a bakin ƙofarta, idonta a bushe, domin ba a yi wa 'yar fari kuka a gaban jama'a. Gwaggo ta sa an kawo mata igiyar tana jujjuyawa.

"Wannan ai a jiƙe take. Wa ya sa mata ruwa?"

Ina tsaye a bakin rariya, tsakanina da su taku biyar.

"Ni ce, Gwaggo," in ji Rabi. "Na goge kujerar da safe."

"Ƙirgi kika sa wa ruwa? Ke ba a gidanku aka gaya miki ƙirgi ba ya son ruwa ba? Inna lillahi. To, Allah ya riga ya rubuta. Amma dai an yi ganganci."

Rabi ta sunkuyar da kai. Ta ɗago sau ɗaya ta dube ni, ba don in cece ta ba, irin kallon mai neman gafara. Kalma goma daga bakina da sun isa su wanke ta. Na juya na koma zaure wurin masu ta'aziyya.

Ranar sadakar uku Okoro ya zo, sanye da farar rigarsa ta coci. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba da liman. Kujerar tana jingine a lungun zaure, ragowar igiyar na rataye a hannunta. Ya miƙa hannu ya murɗa ta, ya duba inda ƙullin ya zame. Labarin tsumma ya riga ya kai Sabon Gari. Ya yi mini magana da Turanci, a hankali, don kada tsohon ya ji. Ya ce tsumma ba ya ratsa ƙirgi. Ya ce wannan fata ta yi makonni tana shan ruwa, har cikinta ya yi fari. Ya ce in shiga in gaya wa matata yau, kada ta ɗauki abin da ba nata ba. Liman ya dube ni.

"Malam Sule, me baƙon namu yake cewa?"

Baba ya daina jan carbi, idonsa a kaina.

"Cewa ya yi Allah ya ba mu haƙuri."

Okoro yana jin Hausa, na gaya muku. Ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ce amin, ya sa takalminsa ya tafi. Bayan haka in mun haɗu mukan gaisa, amma bai ƙara zolayata ba. Daga baya, lokacin da mutanensu da yawa suka bar Kano, ya koma ƙasarsu, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Na gaya wa kaina don Baba na yi, tsoho ne, ba zai iya ɗauka ba. Amma Baba ya rasu bayan shekara biyu, kuma ina jin ya sani, don bai ƙara taɓa igiya ba, ko ta guga. Da ya rasu me ya hana ni? Na ce sai Rabi ta yaye Kabiru. Na ce sai mun tashi daga Fagge. Na ce a Makka zan faɗa mata, muka je muka dawo. Na yi tafinta tsakanin Larabawa da alhazai, tsakanin Turawa da 'yan kasuwa, na isar da maganganu masu nauyi cikin harsuna huɗu ban rage ko ɗaya ba. 'Yar gajeriyar magana da Hausa, a cikin ɗakina, ta gagare ni shekara arba'in da wani abu. Kun san Innarku ba ta zama a gaban mota, kun ɗauka tsoro ne. Kun san duk tafiya a cinyarta take riƙe ku har kuka yi wayo, hannunta ya sage ba ta saki. Ita da bakinta ta gaya wa manyanku mata labarin tsumman, don ku riƙa kula. Ni kuma ina jin ta ta taga.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi, na ga abin ya yi nisa. Biyu daga cikinku kuna ɗakin. Na zauna a bakin gado na ce:

"Rabi, maganar Uwani."

Ta buɗe ido. Ta kamo hannuna kafin in ci gaba.

"Dama ina so in roƙe ka, Malam. Ka yafe mini ita."

Ku da kuke wurin kun ji abin da na ce. Kun yi kuka, kun ce Baba mai haƙuri ne. Cewa na yi, "Na yafe miki." Ta saki numfashi, ta yi murmushi. Bayan kwana biyu ta rasu.

Na yi imani da ƙaddara. Kwanan Uwani ya ƙare, da na huda motar wuri ɗari ma Allah ya san yadda zai yi. Ba mutuwarta nake tsoron a tambaye ni ba kamar shirun da na yi. Saboda haka ga yadda za ku riƙa faɗa daga yau: an ba ubanku noti huɗu ya ƙi ɗaurawa, ya ji kujerar ta motsa ran Laraba ya yi shiru, Innarku kuwa koko kawai ta goge. Wanda ya gaya wa wani tsohon labarin, ya koma ya warware. Ku fara da mijin Maryam.

Gwangwanin yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin fasfo ɗina. Na buɗe shi bayan Sallar nan. Giris ɗin Okoro ya daskare ya yi baƙi, amma notin ko tsatsa ba su yi ba. In kun zo ɗaukata da jikokina a mota, ku ci gaba da haƙuri da ni a rana. In kujerar ta motsa faɗin yatsa biyu, babu inda za mu je.